AN CI MORIYAR GANGA: MAZAN JIYA DA HAKKINSU

Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyya ya yi a taron reshe, gaban 'yan jam'iyya da shugabannin kasuwa. Mun buga ta yadda aka faɗe ta domin waɗanda ba su sami zuwa ba.



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar tsofaffin soja. Kowace shekara ran 15 ga Janairu manyan ƙasa sukan taru a Abuja, gwamnoni kuma su taru a manyan garuruwan jihohinsu. A busa begila, a harba bindiga sama, a ajiye furanni gindin mutum-mutumin soja, sa'an nan a saki fararen tattabaru. Kafin ranar kuma akan yi bikin sayar da 'yar alamar nan da ake maƙalawa a ƙirji, masu hannu da shuni su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna alkawarin miliyoyi. Da can ran 11 ga Nuwamba ake wannan biki, watau ranar da aka tsai da yaƙin duniya na farko cikin 1918. Daga baya aka mai da shi 15 ga Janairu, domin a ranar ce yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970.

Mu ba mu ƙi bikin ba. Wanda ya ba da ransa domin jama'a lalle ya isa a tuna da shi. Amma muna da tambaya. In an watse, tattabaru sun tashi, motocin manya sun wuce, tsohon nan mai lambobi a ƙirji da aka tsayar cikin rana tun hantsi, ina yake komawa? Da me zai yi cefane ran 16 ga wata?

Bari mu soma daga tushe, domin yaranmu da yawa ba su san labarin ba, makaranta kuwa ba ta faɗa musu. Mu kanmu da muka yi makarantar mishan, ba a aji muka ji sunan kogin Kaladan ba, sai a bakin tsofaffi.

Aikin soja irin na Bature a ƙasar nan tun farkonsa aikin ɗan talaka ne. Cikin 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko ya ba su bindiga, da yawansu bayi ne da suka gudo wa iyayengijinsu. Su ne tushen sojan Nijeriya. Cikin 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, Hausa kuwa ita ce harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba sai ya koye ta kafin ya ji umurni. Ba za mu ɓoye muku ba, da wannan runduna ce Bature ya ci Kano da Sakkwato cikin 1903, da ita ya ƙone Satiru cikin 1906. Watau da hannun 'ya'yan ƙasa aka ci ƙasa. Mun faɗi wannan ne don ku lura da abu guda: tun ran farko mai riƙe da bindiga dabam, mai cin ribar bindiga dabam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da yaƙin duniya na farko ya tashi cikin 1914 aka tura su Kamaru su yaƙi Jamus. Suka gwabza a Garwa da Banyo, suka yi zaman dirshan gindin dutsen Mora har cikin Fabrairu 1916. Daga nan aka zuba su jirgin ruwa sai gabashin Afirka. Akwai wani mutumin Barno da ya kamata kowa ya san sunansa, Chari Maigumeri. Shi da farko sojan Jamus ne a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa cikin 1915, daga baya ya shiga rundunarsu. Ya yi yaƙin farko, ya yi na biyu a Habasha da Bama, ya kai samanja, ya sami lambobin girma. Sai da ya zo barin aiki cikin 1953 aka ba shi kyaftin, shi ma na girmamawa. Shekara talatin da ɗoriya yana koya wa samarin Turawa aikin soja, su kuwa suna zuwa suna wuce shi. An sa wa barikin Lokoja sunansa. Wannan wanda ya yi sa'a ke nan, wanda aka san sunansa.

Yaƙin Hitila kuwa, na 1939 zuwa 1945, shi ne ya shiga kowane lungu. Daga Nijeriya kaɗai an ɗebi mutum fiye da 100,000. Yaya aka ɗebe su? Waɗansu da kansu suka je, ko don fatara, ko don sha'awar kaki, ko don a koya musu tuƙin mota. Amma da yawa ba haka ba ne. Razdan ya gaya wa Sarki ana son mutum kaza, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira mai unguwa. To jama'a, ku da kanku kun san amsa: in mai unguwa zai miƙa mutum biyu, ɗan wa zai miƙa? Ɗan attajiri? Ɗan uwar ɗakinsa? Maraya zai miƙa, da baƙo, da wanda bai gama biyan haraji ba, da wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Wanda ya tsira daga kaki kuma bai tsira daga diga ba, gama daga 1942 zuwa 1944 an yi ta kwasar mutane na tilas ana kai su haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka kashe da yawa a can.

Waɗanda aka kai gabas su suka shiga Mogadishu cikin Fabrairu 1941, kafin ƙarshen Maris suna Harar cikin ƙasar Habasha, sun kori Italiya tafiyar ɗaruruwan mil. Amma babbar wuya tana Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Runduna biyu aka kafa ta mutanen Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can aka shigar da su daji su fuskanci Japan. Mutumin Gumel ko Daura wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba, ga shi mako da makonni bisa teku. Ya sauka kuma ya tarad da ƙasar da damina ke zuba kamar da bakin ƙwarya, dutse bayan dutse, gora ta rufe sama, matsattsaku na shan jini, ga zazzaɓi ga atuni. A kwarin Kaladan babu hanyar mota. Da adda da diga suka sari hanya ta fi mil 70. Inda mota ba ta zuwa, inda alfadari ya gaza, kan ɗan Afirka aka ɗora wa kaya. An kafa ƙungiyoyi musamman na 'yan dako, soja ne su ma, suna ɗauke da harsashi da sassan igwa da abinci a ka, suna hawa suna gangara, abokin gaba na harbi. 'Yan dako na kasuwa da ke cikin taron nan, ku ɗaga kai, kakanninku ne suka ɗauki yaƙin Ingila a ka. Abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. In hazo ya rufe, jirgi bai gani ba, sai haƙuri.

Bataliya uku ta Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka saukad da su can bayan sansanin Japan cikin 1944 tare da mayaƙan da ake kira Chindit. Cikin Janairu 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Duk wanda ke fatauci ya sha wuce waɗannan sunaye bai sani ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Letmauk a Badun, Arakan da Tamandu da Myohaung a Ikko, duk daga yaƙin Bama aka samo su. An rubuta sunan dajin a ƙofar bariki da manyan baƙaƙe. Sunan wanda ya faɗi cikin dajin kuwa sai ka je Taukkyan kusa da Rangun, inda aka sassaƙa su jikin dutse, inda uwarsa ba ta taɓa zuwa ba.

Duk tsawon yaƙin nan ba a naɗa ɗan Nijeriya ko ɗaya hafsa mai jan mayaƙa ba. Bulala kuwa, wadda aka hana yi wa sojan Ingila tun 1881, ba a ɗauke ta daga bayan baƙin soja ba sai 1946.

Yanzu ga lissafi, ku 'yan kasuwa ku kama mana. Cikin 2019 'yan jarida suka tono wata takarda a ɗakin ajiyar takardun Gwamnatin Ingila, wadda ta nuna yadda aka yanka kuɗin sallama bayan yaƙi. Farabiti Bature, sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki. Farabiti baƙar fata, sule 3 da sisi. A ce mutum ya yi shekara 3, watau wata 36. Bature ya tashi da sule 360, fam 18 ke nan. Namu ya tashi da sule 126, fam 6 da sule 6. Harsashin Japan bai tambayi launin kowa ba, amma mai biyan kuɗi ya tambaya. Wace mai awo ce a kasuwar nan za a bari ta riƙa auna wa wani da babbar tiya, wani da ƙarama, kuɗi ɗaya? Ai Sarkin Kasuwa korarta zai yi kafin azahar.

Yaƙi ya ƙare cikin 1945, amma da yawa sai 1946 suka ga gida, suna zaune a Indiya ana jiran jirgi. Gwamnati ta yi doka cikin 1945 wai ma'aikatu su riƙa ɗaukar tsofaffin soja. Waɗansu suka sami masinja, waɗansu ɗan doka, waɗansu gadi. Wanda ya koyi tuƙi ya kama lori. Sauran fa? Mutum ya ga Bombai, ya ga Bature na dako da shara kamar kowa, ya ga Bature na kuka cikin rami, ya komo ƙauye ya tarar gonarsa tana hannun wani, wata sa'a har matarsa ta yi aure don an ce ya mutu, mai unguwa kuma na jiransa da maganar haraji. In ya buɗe baki a ce ya yi girman kai, ya ƙi faɗuwa gaban hakimi. Waɗanda suka komo da taɓin hankali kuwa, wani tsohon gidan yari ne a Lantoro cikin Abeokuta aka buɗe musu cikin 1944. Mutum ya je ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi, ladansa gidan yari.

Amma kada ku ɗauka sun yi shiru. A Gwalkwas, wadda ta zama Ghana, ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin soja suka jeru a Ankara, ba makami a hannunsu, za su kai wa Gwamna takardar kuka a kan fansho da rashin aiki. Wani Baturen 'yan sanda mai suna Imray ya tare su a mararraba, ya ɗauki bindiga ya harbe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Ku lura da wannan, 'yan kasuwa: a lokacin jama'ar gari sun yi wata guda suna ƙaurace wa kantunan Turawa saboda tsadar kaya. Da kukan soja ya gamu da kukan kasuwa, sai gari ya kama da wuta. Ingila ta aiko da masu bincike, aka sake tsarin mulki, kafin shekara 10 Ghana ta sami mulkin kai, ran 6 ga Maris 1957. 'Yan'uwanmu na zango a Ankara da Kumasi sun san wannan labari sarai.

Na wajen Faransa ya fi muni. A Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka fito daga hannun Jamus suka ce a biya su bashin albashinsu kafin su watse. Aka buɗe musu wuta da asuba. Faransa ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi suka ce sun kai ɗaruruwa. Sai cikin Nuwamba 2024, bayan shekara 80, Shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne. Cikin 1959 kuma Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojanta na Afirka, ya tsaya cik, na Bafaranshe yana ta hauhawa. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Tawa suka tsufa a kan haka. Ba a daidaita shi ba sai bayan shekara 50, lokacin da yawancin masu shi suna kabari.

To, wani zai ce wannan duk aikin Bature ne, Bature kuwa ya tafi tun 1960. Madalla. Mu duba abin da namu suka yi.

Yaƙin basasa ya tashi ran 6 ga Yuli 1967. Sojan Nijeriya da ba su wuce 10,000 ba, kafin a gama sun kusa 250,000. Daga ina aka samo su? Daga tasha, daga gona, daga bakin kasuwa, har da mazan jiyan Bama aka sake kira. Horon 'yan makonni, a miƙa wa yaro bindiga, sai bakin daga. Da aka gama aka ga sun yi yawa, aka shiga rage su. Waɗansu aka sallame su da takardar likita, waɗansu aka ce shekarunsu na aiki ba su kai na fansho ba. Ga mutum da harsashi a cinya, amma lissafin ofis ya ce bai cika ba. Akwai wurin koya wa soja sana'a kafin ya bar aiki a Oshodi cikin Ikko, ba mu musa ba, amma wuri guda zai ɗauki mutum nawa? A ɗaya ɓangaren kuma guragun da suka yi wa Biyafara yaƙi suka shekara da shekaru a Oji River, suna jere bisa kekunansu bakin hanyar Inugu zuwa Anaca suna bara. An ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci. Gaskiya ne a wajen manya, gama su sun sasanta, sun koma cin abinci tebur guda. Ɗan talaka na nan da ɗan talaka na can, su aka ci.

Kuma kada a manta, daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, soja ne ke mulkin ƙasar nan. Wa zai ce bai san halin tsohon kofur ba? Janar-janar suka fita da gonaki da kamfanoni da gidaje. Wanda ya tsare musu ƙofa ya fita da akwatin ƙarfe da bargo. Saboda haka in kun ji an ce soja sun ci ƙasa, ku tambaya: wane soja? Cikin bariki ma akwai sarakuna akwai talakawa.

Cikin Agusta 1990 aka tura yaranmu Laberiya, daga can Saliyo. Duniya ta yaba. Amma ku ji abin da ya faru a Akure. Waɗansu soja da suka komo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka ga kuɗin da aka aiko dominsu bai iso hannunsu cikakke ba. Cikin Yuli 2008 suka fito kan titi suka yi kuka. Cikin 2009 kotun soja ta yanke wa mutum 27 ɗaurin rai da rai. Sai da jama'a suka yi ca aka rage zuwa shekara 7, daga baya aka sake su. Mun sani soja yana da dokarsa, ba a yarda ya yi bore ba. Amma ku auna da kanku: tsakanin Thiaroye da Akure, in ban da ba a yi harbi ba, mene ne ya sake? Mai neman hakkinsa shi ne dai mai laifi.

Tun 2009 kuma ga yaƙin Arewa maso Gabas. Baga, Malam Fatori, Metele, Sambisa, sunayen da jikokinmu za su gani a ƙofar bariki wata rana. Ga kuma na dajin Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Yaran da ke can 'ya'yan wa ne? Ɗan mai ƙosai ne, ɗan mai faci, ɗan mai shayi, wanda ya gama sakandare ya nemi aiki ya rasa. Ana kawo masu rauni asibitin soja na 44 a Kaduna, wani ba ƙafa wani ba ido. Akwai kuma raunin da ba a gani. Mutum ya komo da jikinsa lafiya lau, amma ba ya barci. A buga ƙofa da ƙarfi ya zabura. Ya fāɗa wa matarsa da faɗa ba dalili, ya koma shan ƙwaya don ya manta. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne, ko mu ce soja dama haka suke. Ba aljanu ba ne, 'yan'uwa. Ciwo ne da likitoci suka sani, yakan kama wanda ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, kuma yana da magani. Akwai asibitin masu wannan lalura a Barnawa cikin Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau. Kai mutum can ba tozarta shi ba ne. Ɗaure shi da mari a ɗaki shi ne tozarci.

Maganar fansho fa? Tsarin mulkin 1999, sashe na 173, ya ce a sake duba fansho kowace shekara 5, ko kuwa duk sa'ad da aka ƙara wa ma'aikatan Gwamnatin Tarayya albashi, wanda duk ya riga zuwa. Ba alfarma ba ce, doka ce. An janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kowa ya san abin da mudu ya zama. Cikin Yuli 2024 aka mai da mafi ƙanƙancin albashi naira 70,000. Amma cikin Disamba 2024, da kuma Janairu 2025, sai da tsofaffin soja suka ɗauki tabarmi da kujeru suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kafin a saurare su. Dattawa masu furfura, waɗansu da sanda. Na Janairun kuwa saura mako guda a saki tattabaru.

Mu da ke zaune teburin akawu muna ganin abin da idonmu. Sukan zo a rubuta musu takarda. Tsoho ya kwance ƙullin leda, ya fito da takardar sallama da ta yi laushi kamar tsumma, ya ce an ce ya je tantancewa, kuɗin mota kuwa ya kusa cinye abin da zai karɓa. Matar mamaci ta zo da goyo, ta ce an ce sunan da ke takardar magaji ba nata ba ne, na wansa ne, domin tun yana kurtu ya rubuta, bai sake ba. Wata an rubuta sunan mijinta da harafi guda dabam, shi ke nan magana ta tsaya shekara biyu. Wata kuma an ce ta fita daga ɗakin bariki, ba ta san inda za ta nufa da yara ba. A irin wannan hali ne 'yan-ci-da-ceto ke shigowa, su ce kawo kaza mu fito miki da shi.

Mun san abin da ke ran waɗansunku, tun ɗazu muna ganin ana gyaɗa kai can baya. Za ku ce: Akawu, sojan nan da kake wa kuka, ba shi ne ke tare mu a shinge ya karɓi na goro ba? Ba shi ne ke sa direba tsallen kwaɗo ba? Ba mu manta Tudun Biri ba, inda jirgin soja ya hallaka masu Mauludi cikin Disamba 2023. Gaskiyarku. Jam'iyyar nan ba ta taɓa cewa a rufe laifin mai kaki ba, kuma ba za ta ce ba. Wanda ya zalunci talaka a hukunta shi ko wane ne. Amma ku yi tunani. Yaron da ke tsaye a shinge yana ganin yadda aka yi da wanda ya riga shi. Ya ga saje na jiya yana gadin ƙofar wani attajiri, yana buɗe wa yaran gida ƙyaure. Me kuke tsammani zai ce wa ransa? Zai ce bari in tara tun da sauran kaki a jikina. Daga aljihun wa zai tara? Naku. Fanshon da aka hana a Abuja, ku ake cira a hanyar Funtuwa. Masu mulki kuwa sun fi son mu zauna haka, talaka mai kaki na harar talaka mai tire, kada su taɓa zama inuwa guda su tambayi inda kuɗin ya shiga.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ba mai wuya ba ne. Kuɗin alamar nan da ake tarawa kowace shekara, a buga lissafinsa a jarida, jiha jiha: nawa aka yi alkawari, nawa aka biya, wa ya karɓa. Ƙungiyar mazan jiya da aka kafa da doka tun 1964, 'ya'yanta su san abin da ke shiga da abin da ke fita. Tantancewa kuma a kawo ta hedkwatar ƙaramar hukuma, wanda ba ya iya tashi a bi shi gida, gama lokacin da ake nemansa ai har ƙauyensu aka bi shi. Kada a fid da matar mamaci daga bariki sai an damƙa mata hakkin mijinta a hannu. In an gina sababbin rumfuna a kasuwa, a ware wa mazan jiya da matan mamata rabonsu kafin 'yan siyasa su raba wa junansu. Ingila kuma, wadda takardarta ta tona ta, ta biya cikon abin da ta rage, ko ga 'ya'ya da jikoki, tun da masu shi kaɗan suka saura.

Amma ba za mu zauna jiran Abuja ba. Ga abin da reshe ya shirya. Daga ran kasuwa mai zuwa za a ajiye littafi a ofishin jam'iyya. Kowane tsohon soja, da kowace matar soja da mijinta ya rasu, su zo a rubuta suna, da lambar aiki, da shekarar shiga da ta fita, da abin da ake bin su ko suke bi. Ba sai ɗan jam'iyya ba. Musulmi ko Kirista, ɗan gari ko baƙo, kowa ya zo. Rubutun takarda kyauta ne, wanda duk ya nemi kwabo a hannunku da sunan jam'iyya ku kawo mana sunansa. Kada kowa ya bar mana takardarsa ta asali. Ku zo da ita mu gani, a ɗauki hotonta, ku koma da abinku. In suna sun taru, za mu kai wa ɗan majalisar mazaɓar nan da hannunmu, mu buga ranar da muka kai a jaridar nan, mu kuma riƙa buga yawan kwanakin da ya yi bai amsa ba.

Iyayenmu mata masu awo, ku kun fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ku gaya wa shugabar mata a asirce, kada a kunyata kowa. Sarkin Pawa da shugaban 'yan hatsi sun riga sun yi alkawarin abin da za su riƙa bayarwa ran Juma'a, muna jiran 'yan tireda da 'yan gwari. Masu ɗa ko ƙane a bakin daga, in ya kira ku a waya ku ce ya duba sunan da ya rubuta na magaji, ya gyara tun yana da iko.

Baba Saje, mun ga ka ɗaga hannu tun ɗazu. Shugaba, in ka yarda a kawo masa kujera nan gaba, kada ya yi magana a tsaye. Littafi kuwa za a buɗe shi da ƙarfe 9 na safe.